Daga Waje Ake Buɗe Ta

Mu dai mutanen Gangara, in muka iso inda za mu sauka, ba ma neman mariƙin ƙofa daga ciki. Hannu muke zurawa ta taga, mu lalubo na waje, mu ja, mu tokare da kafaɗa, mu fito abinmu ba tare da mun katse hirar da muke yi ba. Abin ya bi jikinmu, har ko ka sa ɗayanmu a sabuwar mota fil a Yamai, mai sanyi da ƙamshin leda, sai ka gan shi yana kokawa da gilas yana son ya sauke shi ya fita. Mai motar ya ce, Alhaji ga mariƙi nan kusa da gwiwarka, shi kuwa ya dube shi da mamaki, wai dama ana yin su a ciki? Sabo turken wawa, in ji masu magana. To mu a turken nan aka ɗaure mu tun muna goye, kuma ba mu ga wanda ya kai ƙara ba.

Je ka tsaya a tasha ranar kasuwa ka ƙare wa motocinmu kallo, masu barin kwalta a Sabon Kafi su yi yamma su nufi Belbeji, da masu haurawa Tanut, da masu zuwa Bakin Birji da Damagaram. A takarda kowace tana da ƙofa huɗu ko biyar. A zahiri kuwa akwai wadda daga waje kawai ake buɗe ta, akwai wadda daga ciki kawai, ga maƙwabciyarsu da ba ta motsi sai an ɗaga ta sama kaɗan an yi mata bismilla, ga ta bayan direba wadda rabonta da buɗuwa tun zamanin mulkin Ba'are, har an manta ƙofa ce, an mai da ta bango ana jingina mata buhun hatsi. Wata kuma rufuwa ce ba ta yi, sai a ba na gefenta igiya ya riƙe, ya biya kuɗin mota cif kuma ya yi aikin makulli har Tanut. Ba a rage masa ko dala. In ya yi gyangyaɗi ƙofa ta wangale a hanya, shi za a yi wa faɗa.

Abin da ba za ka taɓa ji a bakin direba ba shi ne ƙofa ta lalace. Ina! Hali ne da ita. "Baba, kar ka ja ta da ƙarfi, ba ta son gardama." "Inna, bari yaro ya zo, shi ta sani." Kuma gaskiya ne, aparanti ta sani. Yaron da ko gemu bai fara ba zai zo yana watsa gyaɗa a baki, ya sa gwiwa ya danna ƙofar ciki, ya ɗaga mariƙi, ya kai mata tafi a wani wuri da shi kaɗai ya sani, ta buɗe salin-alin bayan ƙarti uku sun gama haɗa gumi a kanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni har zargi nake wasu yaran ba sa son a gyara, don ranar da ƙofa ta koma buɗuwa da kanta rabin sarautarsu ta tafi, wa zai ƙara kiransu da murya mai taushi?

In uzuri ake nema mana, akwai shi. Damargu ƙasar tafiya ce tun kafin a haifi mota. A da ta nan ayarin Tarabulus ke saukowa daga Abzin ya auni hatsinmu ya wuce Kano, ta nan Bature Barth ya ratsa a farkon 1851, kuma duk abin da kakanninmu suka hau, raƙumi ne ko jaki ko takarkari, babu mai ƙofa. Amalanken da ya zo daga baya ma bai zo da ita ba. To mutanen da suka gaji hawa ta ko'ina da dira ta ko'ina, ka kawo musu akwatin ƙarfe ka ce ta nan kawai za a shiga, kuma a rufe a hankali? Shi ya sa har gobe in aka ba mu zaɓi, da yawanmu bayan Hilux muke so, a saman kaya, ƙafa na reto, rawani a fuska. Can babu mai cewa ka jira yaro.

Amma fa ƙofar nan ba aljani ne a cikinta ba, wanda ya taɓa ganin an ɓare kwalin cikinta ya san abin bai kai yadda muke zuzuta shi ba. A bakin ƙofa akwai wani ƙarfe mai baki biyu da ke juyawa, a jikin mota kuma akwai guntun ƙarfe a kafe. In ka rufe, mai bakin ya juya ya rungume na kafen, wani ɗan harshe ya faɗo ya tokare shi kada ya koma. Buɗewa kuwa janye harshen nan ne kawai, kuma mariƙin ciki da na waje kowanne da tasa siririyar sanda ko waya da ke zuwa ta ja shi, shi ya sa ɗaya ke mutuwa ɗaya na aiki. Maɓallin kullewa na bakin taga shi ma ba wani kwaɗo yake sawa ba, raba mariƙi da harshe yake yi, ka yi ta ja hannunka na tafiya a banza. Sandunan kuma abin da ke riƙe da su a mazauninsu ɗan ƙulli ne na roba, kuma wanda ya ƙera shi a Japan ko Faransa bai san Afrilu da Mayun Damargu ba, lokacin da zafi ke haura 40 a inuwa, cikin ƙofar ƙarfe kuwa sai abin da Allah ya yi. Roba ta bushe ta tsage, sanda ta sulluɓe ta faɗa cikin ƙofa, daga nan duk ramin da aka faɗa sai ka ji ƙaras-ƙaras. Kukan kurciya jawabi ne, mu kuwa sai mu ƙara wa rediyo murya.

Sai rairayi, shi da ba ya sallama. Da hunturu ya shigo ta bakin gilas inda roba ta zube, da bazara guguwa ta ƙaro masa ƴan'uwa, su sauka daidai kan makulli. Da mun bar shi haka da sauƙi. Amma da zarar ƙofa ta fara tauri sai a ce ƙishi take ji, a ɗauko baƙin man da aka juye daga inji a tsiyaya mata ta ramin mabuɗi har ya ɗiga ƙasa. Kwana biyu tana buɗuwa da yatsa ɗaya, kowa na sa wa mai dabara albarka. Kafin wata ya mutu mai ya auri rairayi, sun daskare kamar tuwon da ya kwana bai samu ɗumame ba, harshe ya maƙale, sifirin ɗin da ke mai da shi ya gaza. Ga matatar SORAZ nan a hanyar Damagaram, tun 2011 take tace ɗanyen man Agadem, ganga 20,000 a rana aka gina ta ta tace, amma ƙofar motarmu ba ta taɓa ɗanɗana cokali ɗaya na gazuwal mai tsabta da zai wanke mata ciki ba. Akwai mai zuba man gyaɗa. An ce har man shanu an gwada. Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa, ko da yake maƙwabtan namu na arewa suna da bakin cewa a daina laƙa musu, su ba su taɓa ɗura wa ganga baƙin mai ba.

Lodi kuwa ba sai an faɗa ba. Kujerar mutum uku mu huɗu muke zama ranar da ba kasuwa, ranar kasuwa sai yadda hali ya yi, kuma na ƙarshe rabin jikinsa a waje yake. Aparanti ya ce, "Kawu, ɗan riƙe numfashi," ya ja da baya ya kawo wa ƙofa kafaɗa. Ta rufu, amma da nauyin jama'a a kanta, harshe ya matse har ba mariƙin da zai janye shi. Yara su yi lilo a jikinta in tana buɗe, mai sauka ya dafa ta ya miƙe da dukkan nauyinsa, mai ɗaure kaya ya taka bakin taga ya hau rufi, hanya ta yi ta jijjiga ta, maratayanta su saki, ƙofa ta sunkuya, bakin ya daina haɗuwa da ƙarfensa daidai. Maganinmu? A ƙara bugawa. Mu fa ba mu yarda ƙofa ta rufu ba sai an ji ƙararta a bayan kasuwa. Wanda ya rufe a hankali sai mota duka ta ce masa ba ta kama ba, sake, ya buɗe lafiyayyiyar ƙofa ya maka ta. Liman ma haka yake yi, bismillarsa ce kawai ta fi tamu tsawo.

To ranar da ta ƙi gaba ɗaya, ciki da waje, aparanti ma ya buga sirrinsa ta yi masa kunnen uwar shegu, ranar ake sanin Gangara ba ta rasa masana ba. Mai shayi ya bar buta a wuta, mahauci ya taho da wuƙarsa, wani ya karyo waya daga shingen mutane, wani ya kawo cokali, tsoho mai sanda ya ce a ba shi wuri, shi ya yi aparanti a Fijo 404 tun ba a haifi direban ba. Kowa na faɗin nasa lokaci ɗaya, ja sama, a'a danna ƙasa, kai saki, wa ya ce ya saki? Na waje ya ɗage mariƙi ya ƙi sauke shi, alhali a motoci da yawa muddin mariƙi na ɗage maɓallin ciki ba ya kama aikinsa. In Bafulatani ne ya maƙale a ciki kuma akwai Babarbare a waje, an samu abin yi har la'asar: a bar shi, ai bai saba da ɗaki ba, yau ya ɗanɗana. Shi kuma daga ciki yana rantsuwa ƙofar lafiyarta ƙalau sai da taubashin nasa ya taɓa ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma ba a ce hannu ashirin su kama mariƙi ɗaya ba. Can wani gwani ya zura sukundireba tsakanin gilas da roba ya banƙara, ka ji tas, garin neman gira an rasa ido, ga ƙofa a kulle ga taga babu, sai a nemo leda ko kwalin sukari a toshe.

Duk wannan hayaniya bakanike na gefe yana kurɓar shayi bai ce uffan ba, ya san ba a kiransa sai an gama ɓarna. In aka kira shi, korar jama'a yake fara yi, kowa ya saki. Ya danna maɓalli ya ɗaga, ya danna ya ɗaga, ya sa a tura ƙofar ciki da ƙarfi don nauyi ya sauka daga kan harshe, sannan ya ja mariƙi, da yawa a nan suke sallamawa. In ta ƙi ya sauke gilas, ya haska fitilar salula ta tsaga, in sanda ce ta fita ya lanƙwasa waya ya saƙalo ta, in datti ne ya wanke da gazuwal ko kananzir yana motsa mariƙi har ya saki. In duk bai yi ba sai a cire kujera a ɓare kwalin ƙofa tana rufe, aikin da ke cin yini da fatar yatsu. Ramin mabuɗi kuma, bakanike ya ce kar a ƙara ba shi mai, a kankare bakin fensir a shafa wa mabuɗi, baƙin garin nan yana sa santsi kuma ba ya kama ƙura. Mu ce to, Allah ya saka, mu miƙa masa dala ɗari yana ƙunƙuni, jibi mu koma ga baƙin manmu, don wa zai yarda fensirin ɗan lakwal ya fi man inji?

Akwai ma ciwon da ba ciwo ba. A bakin ƙofofin baya akwai ɗan maɓalli da aka sa don kada yara su buɗe mota tana tafiya, in aka tura shi mariƙin ciki ya daina aiki sai na waje. Motocinmu kuwa da yawansu sai da suka gama yi wa wani iyali bauta a Beljiyam ko Jamus kafin su hau jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Lome. Sai mota ta zo da abin a ture, ta yi shekaru tana jigilar dattawa masu furfura, masu gari da alhazai, kowa na zura hannu ta taga, saboda wani yaro a Turai da yanzu shi ma ya tara iyali. Ranar da wani ya gano ya mai da shi da farce, kada ka zaci direba zai yi godiya. Cewa zai yi a bar masa kayansa yadda aka gan shi, dama ita ke hana masu sauka ba su biya ba.

Inda abin ke kai maƙura shi ne in kunya ta shigo. Mutum ya hango surukarsa a tasha ya yi ta kauce-kauce, Allah ya haɗa su kujera ɗaya, ita a bakin ƙofar da ke buɗuwa shi a bakin matacciya, kuma shi zai riga sauka. Ya tsallake ta? Ya ce mata ta tashi? Gara ya wuce garinsu ya dawo a ƙasa. Ko ya bi ta taga, babbar riga ta naɗe a wuya, hula ta faɗi, takalmi ɗaya ya rage a ciki, ita kuwa ta ja mayafi tana kallon gonakin mutane da ƙwazo, wai ba ta ga komai ba, kafaɗunta kawai ke rawa. Motar amarya fa? An wanke ta, an iso ƙofar ango, ƙawaye na guɗa, amarya na kukanta na al'ada, ƙofa ta ce ba inda za ta. Guɗa ta fara sanyi, tsofaffi su dubi juna, wata ta ce a'a, ruwa ba ya tsami banza, idanu duka su koma ɗakin uwargida, baiwar Allah da ko sunan motar ba ta sani ba.

Ka tambayi mai mota me ya hana shi gyara, ka sha tarihi. Kayan gyara sun yi tsada tun da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, na jika ɗaya ya koma jika biyu, kuma har yau wannan rana ke da laifi ko da motar ba a ƙera ta ba sai bayan haka. Da can Fijo ce ko'ina, ga masana'antarta a Kaduna tun 1975, kayan wannan ya shiga waccan, yanzu kowace mota da irin nata makulli. An duba Damagaram babu, an ba wani saƙo zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ya kawo na hagu alhali na dama ake so. Da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuwa uzuri ya samu gindin zama, har ƙofar da ta mutu tun zamanin mulkin Tanja aka ɗora wa ƙungiyar CEDEAO da ta sa aka rufe su. Amma dubi motar mai wannan kuka: hon mai murya uku, fitilu kala-kala, labule da tuntaye, rubutu a baya an biya mai fenti. Mu ma fasinja a bar tone-tone, laifi tudu ne. Ba mu taɓa fasa shiga mota don ƙofa ba, don an ƙara dala ashirin muke fasawa. Manya masu V8 ma kada su yi mana dariya, mun ga wanda batir ya mutu masa a wurin ta'aziyya ƙofa huɗu suka haɗa baki, yana tsaye kan tudu yana neman rezo ya kira Yamai, alhali ƙaramin mabuɗin ƙarfe na cikin rimot ɗin da ke hannunsa.

Wuri ɗaya dai dariyar kan tsaya mini a maƙogwaro. Motocin nan da jarkokin esansi suke tafiya, wani lokaci a ƙarƙashin ƙafar fasinja, ga mai sigari a gaba, ga wayoyin wuta da aka ɗaure da leda. Da damina kuma in ruwa ya sauko kwarin Tarka, direba kan tsaya ya auna da ido ya ce za ta wuce. Mota maƙil da mutane, ƙofa ɗaya ke aiki, ita ma sai yaro ya zo, wannan ba ya ba ni dariya. Tsofaffin direbobi sun sani, shi ya sa mai hankali ke sauke gilas duka kafin ya shiga ruwa, ko ya ce kowa ya sauka ya taka. Gilas ɗin gefe in an buge shi da abu mai tsini a kusurwa rugujewa yake yi, na gaba kuwa da leda a tsakiyarsa, tsagewa yake ya tsaya, kada a ɓata lokaci a kansa. Sai dai abin murɗa gilas ɗin ma guda ɗaya ne a motar duka, yana aljihun direba, sai an roƙa a miƙo shi hannu zuwa hannu, a murɗa a mayar.

Saura mariƙin da ke fita a hannu, wannan kada wanda ya rantse. Ka ja, ka ji ya biyo ka, ka dubi hagu ka dubi dama, ka mai da shi mazauninsa a hankali ka dafe shi da addu'a, ka fita ta hanyar da aka saba, ka yi ban kwana da kowa har da wanda ba ka sani ba. Na bayanka shi zai gamu da shi. In bawan Allah ne mai akuya ɗaya, direba ya zare ido, wannan orijinal ne daga Japan, jika biyu ba ragi, a taru a yi ta ba da baki har a tsaya a dala ɗari biyu, a karɓa a sa aljihu, a mai da mariƙi yadda yake ya jira na gaba. Akwai mariƙin da ya biya kuɗin kansa ya biya na taya. Amma bari a zo shinge, mai kaki ya zagayo da takardu, ya kai hannu ƙofar baya don ya ga abin da ke ƙarƙashin kujera, na wajen ya fita a hannunsa. Nan za ka ga direba ya washe baki har kunne, ya karɓa da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, bar shi kawai, dama yau nake cewa zan canza shi. Kai yaro, zo ka buɗe wa shef!"